Mu da Mutum-Mutumi: Abin da Ke Cikin Tatsuniyar Zamani

 

Kukan da iyaye suke yawan kawo mana makaranta a 'yan shekarun nan shi ne na kallon majigin zane, wato abin nan da yara suke kira katun. Uba zai ce yaronsa ya ƙi karatu, ya ƙi aike, ya lafe a lungu da wayar uwarsa yana kallon waɗansu ƙarafa masu magana. Kukan yana kan hanya, domin ko zuma ce in ta yi yawa sai ta gundura. Amma kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a san abin da ke cikinsa. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu duba irin labaran da waɗannan fina-finai suke ba 'ya'yanmu game da mutum-mutumi, wato injin da aka ƙera don ya yi aiki irin na mutum, wani lokaci ma da siffar mutum.

Mu Hausawa wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suke tara mu a tsakar gida bayan isha'i suna ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi da kura, ai ba ilmin namun daji suke koya mana ba. Halin ɗan Adam suke nuna mana, da kwaɗayinsa da wayonsa da wautarsa, sai dai sun sa masa rigar dabba don maganar ta shiga ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. To, masu zanen majigi a Japan da Amurka su ma abin da suke yi ke nan, sai dai su rigar ƙarfe suka ɗauko. Wanda duk ya kalli fina-finan da idon basira zai ga hannunka mai sanda ne ake yi mana.

Ita kanta kalmar da Turawa suke kiran wannan inji da ita, wato robot, ta samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo da marubucin ƙasar Cek, Karel Capek, ya wallafa a 1920. A harshensu tushen kalmar yana nufin aikin tilas, irin wanda talaka yake yi wa mai ƙasa ba lada ba godiya. Ashe ke nan tun ran gini ran zane, maganar mutum-mutumi maganar bawa da ubangijinsa ce.

Yaron da aka sayar

A Japan, wani mai zane da ya yi karatun likita, Osamu Tezuka, ya fara buga labarin wani yaro na ƙarfe a 1952, kuma a ranar 1 ga Janairu, 1963 aka fara nuna shi a talabijin. A ƙasashen waje an san shi da suna Astro Boy. Labarin dai shi ne, wani babban masanin kimiyya ɗansa ya rasu a haɗarin mota, baƙin ciki ya sa ya ƙera mutum-mutumi mai kama da yaron, ya riƙe shi kamar ɗa. Da aka kwana biyu ya lura wannan yaro ba ya girma kamar sauran yara, sai ya tsane shi, ya sayar da shi ga masu gidan wasa, inda aka riƙa wahalar da shi don 'yan kallo su yi dariya. Wani dattijon masani mai tausayi ne ya cece shi. Daga nan yaron ya rayu tsakanin jinsi biyu, yana kare mutane daga haɗari, su kuwa mutanen suna yi wa irinsa kallon ƙasƙanci.

Duk malamin makaranta ya san irin wannan uba. Shi ne wanda yake son ɗansa muddin yana zuwa na ɗaya a aji, ran da ya zo na ashirin kuwa sai gida ya yi masa ƙunci. Shi ne kuma wanda ya karɓi riƙon ɗan ɗan'uwansa da baki mai daɗi, da ya ga babu riba sai ya mai da shi ɗan talla. Yaron da ya kalli wannan majigi ya ji tausayin yaron ƙarfe, ya riga ya fahimci cewa ƙaunar da aka gina bisa sharaɗi ciniki ce.

Wani majigin Japan da ya ƙara fito da maganar fili shi ne Time of Eve, wanda Yasuhiro Yoshiura ya fitar kashi shida tsakanin 2008 da 2009, aka haɗa shi fim guda a 2010. A cikinsa mutum-mutumi sun zama barorin gida, kamarsu ɗaya da mutane, ba a gane su sai da wani zoben haske da ke bisa kawunansu. Wani ɗan sakandare ya saba ba baiwar gidansu umarni ba tare da ya ɗaga kai ya dube ta ba. Wata rana ya bi sawunta, ya tarar tana zuwa wani ɗan shagon shan gahawa wanda yake da doka guda a rubuce bakin ƙofa, cewa a nan ciki ba a bambanta mutum da inji. Da shigarsu sai su kashe zoben. Nan yaron ya rikice, domin ya kasa sanin wanda zai yi wa ladabi da wanda zai daka wa tsawa. Ashe duk ladabin da yake da shi a zoben ya rataya.

To jama'a, mu tambayi kanmu, mene ne namu zoben? A kasuwar Kejetia ta Kumasi da kasuwar Makola ta Akra akwai 'yan matan nan masu dakon kaya da aka fi sani da kayaye, sunan da rabinsa ma daga kalmarmu ta kaya ya fito. Galibinsu daga arewacin ƙasar nan suke. Sau nawa muka ɗora wa ɗayarsu buhu a ka, muka wuce gaba tana binmu cikin rana, muka kuma tsaya ja-in-ja da ita a kan ɗan abin da bai kai kuɗin ruwan sanyi ba, alhali ko sunanta ba mu tambaya ba? Kwanon da ke kanta shi ne zobenta. Haka yarinyar aikin da ke gidajenmu, wadda take riga kowa tashi, kowa kuma ya riga ta kwanciya.

Mu mazauna zango kuwa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba, domin mun san ɗacin a dubi mutum a ga alama kawai. Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, dubban mutane suka fita, har da waɗanda aka haifa a nan. Su ma 'yan Gana ba su manta da 1983 ba, lokacin da aka kore su daga Nijeriya. Wanda ya taɓa ɗanɗana irin wannan, shi ya fi cancanta ya zama na farko wajen ganin mutum a bayan alama.

Inji dai inji ne

Sai dai a nan dole mu taka birki. Yaron ƙarfen Tezuka yana jin zafi ne domin marubuci ya so ya ji. Injinan da ke duniyarmu a yau, har da masu hira da mutum a waya kamar aboki, ba wanda ya kawo hujja tabbatacciya cewa suna jin zafi ko daɗi. An tara musu maganganun mutane ne masu ɗimbin yawa, suna harhaɗa kalma bayan kalma bisa lissafi. Idan muka ɗauki tatsuniya muka mai da ita labarin gaske, to mun zama kamar wanda ya shiga daji neman gidan Gizo.

Wannan ruɗu ya riga ya fara. A watan Oktoba na 2017, a wani taro a Riyad, aka ba da sanarwar cewa Saudiyya ta ba wata mutum-mutumi mai suna Sophia matsayin 'yar ƙasa. Wani kamfanin Hong Kong ne ya ƙera ta. Mutane da yawa a lokacin sun yi tambayar da ta dace: yaya injin da bai taɓa jin yunwa ba zai sami abin da baƙin ma'aikata suka shekara da shekaru suna gumi a ƙasar ba su samu ba? Duk duniyar da ta fara karrama ƙarfe tana wulaƙanta ɗan Adam, ta karanta tatsuniyar a juye.

Amma wannan ba ya nufin yadda muke mu'amala da inji ba shi da wani tasiri. Kamfanin Sony ya fitar da wani karen inji mai suna Aibo a 1999, ya daina ƙera samfurin farko a 2006, ya kuma rufe wurin gyaransa a 2014. Da karnukan suka fara lalacewa, masu su, waɗanda da yawansu tsofaffi ne, suka shiga juyayi, har wani wurin bauta na mabiya Buda kusa da Tokyo ya riƙa shirya musu bikin bankwana. Mu dai ba al'adarmu ba ce, wani ma zai yi dariya. Abin lura shi ne zuciyar ɗan Adam tana saurin shaƙuwa da duk abin da yake amsa mata. Haka nan hannu da baki suna saurin sabo. Yaron da ya saba zagin muryar da ke amsa masa a waya, yana ba ta umarni ba don Allah ba na gode, bakinsa yake horarwa, kuma wannan bakin ne zai buɗe gobe a gaban mai yi masa aiki. Shi ya sa iyayenmu suke hana yaro dukan jaki ko jifan kare ba dalili. Dabbar suke karewa, shi ma yaron suke karewa daga zama azzalumi.

Wa zai ɗauki laifi?

Tun a 1942 marubucin nan na Amurka, Isaac Asimov, ya tsara wa mutum-mutumin labaransa dokoki uku. A taƙaice, kada ya cuci mutum, ya bi umarnin mutum in dai babu cuta a ciki, sa'an nan ya tsare kansa in hakan bai saɓa wa biyun farko ba. Masu majigi sun daɗe suna gwada ƙarfin waɗannan dokoki, kuma abin da suke yawan nunawa shi ne ɓarnar daga wajen mutum take fitowa.

A fim ɗin The Iron Giant na 1999 wani ƙaton ƙarfe ya faɗo daga sama kusa da wani ƙauyen Amurka a 1957, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar da Tarayyar Sobiyat. Don yaƙi aka ƙera shi, amma wani yaro ya yi abota da shi, ya nuna masa cewa yana iya ƙin zama makami. Wanda ya sa aka harba makamin ƙare-dangi a kan garin kuwa wani jami'in gwamnati ne da tsoro ya rufe wa ido, ƙaton ne ma ya tashi sama ya tare makamin da jikinsa. A Big Hero 6 na 2014, an ƙera Baymax don jinyar marasa lafiya, sai yaron da ke tare da shi, cikin fushin rashin yayansa, ya zare masa abin da ke hana shi cutarwa ya tura shi ya yi kisa. A WALL-E na 2008 kuma, injin da ke tuƙa jirgin da 'yan Adam suke ciki ya hana su komawa duniya, domin yana riƙe da wani umarni da shugaban kamfani ya bayar shekara ɗari bakwai da suka wuce, mai umarnin ya daɗe da mutuwa, umarnin yana nan yana mulki. A duk ukun, in ka bi igiyar za ka tarar hannun mutum ne a ƙarshenta.

A zahiri ma haka abin yake, sai dai masu igiyar sun iya ɓuya. A watan Maris na 2018 wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta buge wata mata da ke tsallaka titi da kekenta a garin Tempe na jihar Arizona, ta rasu. Masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a gurfanar da shi. Ma'aikaciyar da aka zaunar a cikin motar don sa ido ita aka kai kotu, ta amsa laifi a 2023. Ba mu ce ba ta da nata sakacin ba, amma dai kowa ya ga inda kayan suka sauka: a kan mafi ƙanƙanta a cikin jerin. A 2017 Majalisar Tarayyar Turai ta kawo shawarar a duba yiwuwar ba waɗansu injina wani matsayi na kansu a gaban shari'a. Masana fiye da 150 suka rubuta takardar ƙin amincewa a 2018, domin sun hango cewa hakan zai ba masu ƙera su damar zamewa su bar inji da laifi. Dokar da Tarayyar ta zartar a 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ba ta ɗauki wannan shawara ba, nauyin a kan masu ƙerawa da masu amfani ta ɗora shi.

Mu a gargajiyance mun san hukuncin. In akuya ta shiga gona ta yi ɓarna, ba akuyar ake kaiwa gaban sarki ba, mai ita ake kira. Duk ranar da wani ma'aikaci a banki ko a ofis ya ce mana kwamfuta ce ta hana, to mu tambaya cikin ladabi: wa ya sa ta, kuma wa za mu gani? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganar ta fi tsanani a fagen yaƙi, shi ya sa a watan Disamba na 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan makaman da ke iya zaɓen wanda za su kashe da kansu.

Abin da za a ba inji da abin da ba a ba shi

Kada a ɗauka muna ƙin inji ne. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an daɗe ana ɗora yara ƙanana a kan raƙuman sukuwa, waɗanda ake kawowa daga Pakistan da Bangaladash da Sudan da Muritaniya, ana hana su abinci don kada su yi nauyi, wasu suna faɗowa su karye. Da aka hana wannan, daga wajen 2005 sai aka fara ɗaura ɗan ƙaramin inji a bayan raƙumin a Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A nan inji ya sauke wa yaro kayan da bai kamata a ɗora masa ba tun farko. A ƙasarmu ma a 2019 aka fara aika jini da magunguna zuwa asibitocin karkara da jirage marasa matuƙi. Duk aikin da ke karya ƙashin mutum ko yake cin ransa, in inji zai iya, to madalla, muddin an tanadar wa wanda aikin ya kuɓuce masa wata hanyar abinci.

Akwai kuwa aikin da in mutum ya bayar da shi ya bayar da kansa. A cikin WALL-E an nuna mutane sun yi ƙiba sun kasa tsayawa da ƙafafunsu, kowa yana kan kujera mai yawo da shi, allo a gaban idonsa, yana magana da na kusa da shi ta cikin allon ba tare da ya juya ya dube shi ba. Da fim ɗin ya fito dariya aka yi. Yau kuwa a leƙa ɗakunanmu bayan magariba a gani. A The Wild Robot na 2024, mutum-mutumi ta tsinci kanta a wani tsibiri, ta riƙi ɗan tsakon dinya maraya, ta koya masa iyo da tashi. Labari ne mai daɗi, amma uwar da ta miƙa wa jariri waya don ya yi shiru ta sani cewa wayar ba za ta goya shi ba, ba kuma za ta ji ɗumin jikinsa ta gane zazzaɓi ya kama shi ba.

A ajujuwanmu mun fara ganin aikin gida mai kyan gaske, ba kuskure ko ɗaya, amma in ka tsayar da yaron ka ce ya faɗi abin da ya rubuta sai ya yi ta kallon rufi. Injin hira ne ya rubuta masa. Ba takardar malami yake nema ba, wahalar da yaron zai sha wajen rubuta ta ita ce karatun. Wanda aka goya zuwa kasuwa ba zai san hanya ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce, a rage lokacin kallo, a zaɓi abin da ya dace da shekarun yaro, domin a cikin majigin zane akwai na manya wanda bai kamata yaro ya gani ba. Sa'an nan ko sau ɗaya a mako uba ko uwa su zauna su kalla tare da yaran, in an gama a tambaye su kamar yadda kaka take yi bayan tatsuniya: wa ya kyauta a labarin nan, wa ya yi zalunci, kuma wa ya yi kama da wannan baran ƙarfe a unguwarmu? Malamai 'yan'uwanmu su ma za su iya ɗaukar labari guda su mai da shi muhawara a aji, da Hausa in da hali, don harshenmu ya saba da ɗaukar irin waɗannan batutuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su waɗannan yara su ne za su zauna da injinan da mu ba za mu gani ba. In sun tashi sun san darajar mai yi musu hidima, sun san mai akuya shi ke biyan ɓarna, sun kuma san aikin da ba a ba wani, to mun yi musu guzuri. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu fi ƙarfin abin da hannuwanmu suka ƙera. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.